Daga Bakin Rijiya Zuwa Famfon Unguwa: Wa Ke Riƙe da Ruwan Tasawa da Mayahi?

Iyakar da ta raba ƙasar Katsina da ta Maraɗi, wadda ta mai da mutumin Jibiya ɗan Nijeriya, ta mai da na Ɗan Isa ɗan Nijar, neman rijiya na cikin abubuwan da suka shata ta. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, an kafa tsinke a Sakkwato aka zana da'ira mai nisan mil 100, aka ce abin da ke cikinta rabon Ingila ne. Da Faransawa suka tashi bin nasu rabon daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar hanyar da aka bar musu ta bi ta ƙasar da ayari ke shan wuya kafin ya ga ruwan da zai ishe shi. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka ƙarasa magana a 1906, aka turo iyakar kudu, Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannunsu, hanyar da ta ratsa Tasawa ta zama babbar hanyarsu ta gabas. Shekara ashirin bayan haka, a 1926, suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwan Damagaram na cikin dalilan da ake bayarwa. A wannan yanki ruwa ya daɗe yana yanke hukuncin garin da zai bunƙasa da wanda zai tsuke.

Tasawa da Mayahi gundumomi ne biyu maƙwabta a gabashin jihar Maraɗi, kowacce mutanenta sun haura rabin miliyan a ƙidayar 2012. Wanda ya bi tarihin ruwansu zai ga abu ɗaya yana ta dawowa. Kowane zamani ya iya haƙa, ya iya gini, ya iya bikin buɗewa, amma kowanne ya yi tuntuɓe a kan wa zai riƙe abin bayan baƙi sun watse, da kuma nawa talaka zai biya. Inda wannan tambaya ta fi fitowa fili a yau shi ne famfon unguwa, wurin da mata da yara da 'yan ga-ruwa ke jera bido, wato jarkoki, tun sassafe. Masu tsara birane suna ɗaukarsa abin wucin gadi, wanda za a rabu da shi da zarar kowane gida ya samu nasa famfon. Ina ganin wannan ɗauka kuskure ce mai tsada. Famfon unguwa zai ci gaba da shayar da ɗimbin mutanen waɗannan garuruwa shekaru masu yawa nan gaba, saboda haka farashinsa da lafiyar ruwansa da gyaransa su suka fi cancantar a tsare.

Sai an san ƙasar kafin a gane wahalar. Babu kogin da ke gudu rani da damina a gundumomin biyu. Abin da ke akwai shi ne Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ya ratsa ta Mayahi, wanda sunan gulbi da kurmin goriba suka rage masa, kuma a cikinsa ruwa ya fi kusa da hannu. Da an hau jigawa sai rijiya ta nutse, a ƙauyuka da yawa sai an zura igiya mita 40 ko 50, wani wurin ma fiye, kafin guga ya taɓa ruwa. Ruwan yana nan kwance a ƙasa cikin shimfiɗar yashi, nisansa ne matsalar. Shi ya sa a da kafa gari da haƙa rijiya aiki ɗaya ne. Wanda ya sari daji ya kira mahaƙa suka cim ma ruwa shi ne mai gari, sunansa ne ke bin kalmar Gidan a sunan ƙauyen, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar. Labarin Kusugu ta Daura, inda maciji ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, wanda ya kashe shi kuma ya auri sarauniya, ko yaya masana tarihi suka ɗauke shi, ya nuna Bahaushe ya daɗe da sanin cewa iko da bakin rijiya wani yanki ne na mulki. Abin lura a tsohon tsarin shi ne rijiya tana da mai ita. In ta rufta ko yashi ya cike ta, an san ƙofar da za a yi wa sallama, an san wanda zai kira gayyar yasa. Ba a biyan kuɗi, amma ba a banza ake sha ba. Mata ne ke biya, da tafin hannun da igiya ta cinye da wuyan da tulu ya danne.

Turawa ma ta kan rijiyoyin suka shigo. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna a Ƙonni da garuruwan da ke kan hanyarta a 1899, tafe take da ɗimbin sojoji da 'yan dako da dabbobi, ba ta iya yada zango sai inda ruwa yake, kuma a Maijirgi, cikin gundumar Tasawa ta yau, shugabannin nata biyu suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu. Da mulki ya kafu, Tasawa ce mazaunin kwamandan yankin har 1927 da aka mai da shi Maraɗi. Rijiyoyin da aka haƙa a zamanin, da yawansu da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946, buƙatar mai mulki suka bi: bariki, zangon soja, hanyar ayari, kasuwar gyaɗa. A tsallaken iyaka kuwa, Kano ta ja ruwan Challawa zuwa birni tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e. Kano tana da kogi a kusa, tana da baitulmali mai nauyi, Tasawa ba ta da ko ɗaya. Nijar ta karɓi mulkin kai a 1960 da mutane wajen miliyan uku, ƙauyukanta kusan duka a kan rijiyar gargajiya da tabki suke.

Gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar OFEDES a 1963 don haƙa rijiyoyin siminti. Rijiyar OFEDES mai faɗin mita 1.80, da bakinta da aka ɗaga, ta sauya rayuwar ƙauye fiye da yadda ake tunawa yanzu. Ba ta saurin ruftawa, mutane da yawa suna ja a lokaci ɗaya, ana ɗaura wa sa ko jaki igiya ya yi aikin. Har yau da yawansu na shayar da jama'a, don abin da rijiya ke nema guga ne da igiya, kuma kowa na iya sayensu ran kasuwa. Aibinta shi ne bakinta a buɗe yake, igiyar da aka ja ta cikin taɓo da kashin dabbobi ita ce ke komawa ciki. Bayan farin 1973 da 1974, da shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ruwan sha daga 1981 zuwa 1990, kuɗin agaji ya karkata ga rijiyar burtsatse, wato foraji, a ɗora mata famfon tuƙa-tuƙa irin India Mark II ko na takawa da ƙafa irin Vergnet. Ruwansa ya fi na rijiya tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai an kawo na'urar da ba a sayar da kayan gyaranta a kasuwar ƙauye, aka danƙa ta ga kwamiti, aka ce a riƙa tara kuɗi a asusu don ranar lalacewa. Asusun da ke hannun mutanen da damina ke iya juya wa baya kowace shekara ba ya daɗewa cike. Bashi ya ci, yunwa ta ci, wani lokacin ma'aji ya ci. Ranar da wani ɗan ƙarfe ko roba ta tsinke, sai famfon ya tsaya, a yi ta jiran masu furoje, wato masu aikin agajin, da suka daɗe da naɗe kayansu, mata kuma su koma rijiyar da aka ce musu ta zama tsohon yayi. Rijiyar gargajiya tana da uba, famfon furoje kuwa maraya ne tun ranar da aka yanka masa ƙyalle.

A cikin gari tarihin ya bi wata hanyar, ta sauye-sauyen suna. Kamfanin lantarki na NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ya riƙe ruwan manyan birane tare da wuta. A 1987 aka kafa kamfanin ruwa na SNE aka tattara masa ruwan birane da na matsakaitan garuruwa. A 2001 aka raba aikin gida biyu: SPEN ta gwamnati ta mallaki foraji da shato, wato tankin ruwa na sama, da manyan bututu, ita ke neman kuɗin sababbin ayyuka, SEEN kuma, wanda kamfanin Faransa Vivendi da ya koma Veolia ke da kashi 51 cikin ɗari na jarinsa, shi ke tura ruwa da gyara da karɓar kuɗi a garuruwa sama da hamsin, har da Tasawa da Mayahi. Wannan kwangila ta ƙare a ƙarshen 2023, kamfanin ƙasa NDE ya karɓa daga farkon 2024. A duk waɗannan sauye-sauye yadda ruwan ke tafiya bai canza ba. Inji na jawo shi daga foraji, a sa masa magani, a hau da shi shato, daga can nauyinsa ya gangaro da shi cikin bututu. Wani ya shiga gidajen masu hali da ofisoshi, wani ya tsaya a famfon unguwa, inda mai famfo ke da mita da sunansa. Shi ke biyan kamfani kuɗin wata, shi kuma ya sayar wa jama'a bido bido, abin da ya ragu a tsakani shi ne abincinsa. Garuruwan Turai ma ta nan suka bi. Mutanen Landan a famfon titi suke ɗibar ruwa lokacin da likita John Snow ya gano a 1854 cewa famfon titin Broad ne ke yaɗa kwalara, Faris kuma ta fara dasa shahararrun famfunan Wallace a 1872 don talakan da ruwa ya fi ƙarfin aljihunsa.

Wanda ya ce babu abin da wannan tarihi ya tsinana bai yi adalci ba. Dattawan karkara suna tuna kurkunu, yadda yake fasa ƙafar manomi daidai lokacin noma ya kwantar da shi makonni, gona ta cika da ciyawa. Binciken ƙasa da aka yi a 1991 ya samu mutum sama da 30,000 masu ɗauke da shi a Nijar. Da foraji, da tace ruwan tabki da ƙyalle, da faɗakarwa gida gida, an ga na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasar a 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013. Yaron da aka haifa bayan haka sai dai ya ji sunan cutar a bakin kakarsa. Kwalara kuwa ba ta tafi ba. A 2018 ta ɓarke daga Madarunfa ta kama dubbai, ta sake dawowa jihar Maraɗi a 2021. Dalilin a bayyane yake. Kurkunu tabki yake bi, ita kuwa kwalara tana bin ruwan har cikin bidon da ba a wanke ba da randar da kowa ke tsoma wa moɗa, tana kuma jiran ranar da famfo zai ɗauke mutane su koma kududdufi.

Akwai kuma abin da ya faru a Tibiri, kusa da Maraɗi, wanda bai kamata a manta ba ko da yake yana wajen gundumomin nan biyu. Foraji mai zurfi da aka fara shayar da garin da shi a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid ninkin-ba-ninkin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance. Ruwan garau yake, babu wari, babu ɗanɗanon da zai tsorata mai sha. Aka yi shekaru fiye da goma ana sha, haƙoran yara suna rinewa, ƙasusuwansu suna lanƙwashewa, kafin a tsaya a kan cewa ruwan ne. Dubban yara abin ya shafa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kansa a 2002. Mai jan guga a rijiyar kakansa yana ganin abin da yake sha, in ya ga ya gurɓace ya bari. Mai tara bido a famfo ba shi da wannan dama, amana ce ya bayar, kuma ba shi da hanyar sanin an riƙe ta sai in ana gwada ruwan a ɗakin bincike ana kuma faɗa masa abin da aka gani.

Mu zo ga kuɗi, don nan ne zancen ya fi ɗaci. A farashin da aka yi shekaru ana aiki da shi a zamanin SEEN, mai famfo a gida yana biyan sefa 127 a kan kowace lita dubu, matuƙar bai wuce lita dubu goma a wata ba, kuma abin da ake sayar wa mai famfon unguwa bai fi haka da wani abin kirki ba. To a ɗauki gida mai mutum takwas, kowa ya yi amfani da lita 20 a rana, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da masana lafiya ke lissafawa. A wata lita 4,800 ke nan. In famfon yana tsakar gida, kuɗin ruwan kaɗai sefa ɗari shida ne da 'yan kai. In kuwa ana sayen bidon lita 25 a kan dala biyar, wato sefa 25, lita dubu ta kama jika guda, kuɗin wata ya tashi sefa 4,800. In ɗan ga-ruwa ne ke kawowa ƙofar gida a kan dala goma, an ninka. Ruwa ɗaya, daga shato ɗaya, amma mai gidan siminti da ke tsakiyar gari yana shan na arha, mai bukkar bayan gari yana biyan ninki bakwai ko fiye. An tsara farashin rangwame don talaka, sai dai ƙofar shigarsa ita ce mallakar mita, talakan da aka yi abin dominsa kuwa ba shi da ita.

Daga nan wasu sukan ce ai matsalar ita ce sayar da ruwan tun farko, ruwa na Allah ne, bai halatta a sa masa kuɗi ba. Maganar tana da tushe, don addini ya sa ruwa cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu, shayarwa kuma na cikin manyan sadakoki. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina daga hannun mai sayar da ruwanta ya bar wa jama'a, Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta kai ruwa Makka. Amma a duba misalan da kyau: a kowannensu akwai wanda ya biya. Malaman fiƙihu ma sun bambanta ruwan da ke kwance a inda Allah ya ajiye shi da wanda mutum ya sha wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Ruwan da ke ƙarƙashin jigawar Mayahi kyauta ne ga duk mai igiyar da ta kai. Wutar da ta jawo shi, da maganin da aka sa masa, da albashin mai gyara, su ake biya. Shekarun famfon furoje sun riga sun gwada mana ruwan da ba a biya, kuma mun ga ƙarshensa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Alhazai da ƙungiyoyin agaji da ke gina foraji kusa da masallatai suna samun ladarsu, amma wanda ya gina bai ajiye abin gyara ba ya bar wa unguwa gini ne kawai. Abin da ya dace a yi jayayya a kansa shi ne nawa za a biya, da kuma aljihun da kuɗin ke faɗawa.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke zuwa. Suna cewa ɓata lokaci ne a tsaya gyara famfon unguwa, a ja wa kowa ruwa gida a huta, ai muradun duniya na 2030 ma ruwan cikin gida suke nufi, shirin ruwa na ƙasa PROSEHA na 2016 zuwa 2030 kuma can ya dosa, ga shi an riga an ja wa dubban gidaje ruwa a farashi mai rangwame da tallafin Bankin Duniya. Babu mai ƙin wannan buri. Macen da ke da famfo a tsakar gida ta fi mai zuwa layi hutu da tsabta, 'yarta kuma ta fi samun zuwa makaranta a kan lokaci. Amma ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato suna ninkuwa cikin ƙasa da shekara ashirin. Garin Tasawa da ya haura mutum 40,000 a lokacin bai tsaya nan ba. Sababbin unguwanni suna tsirowa a gonakin jiya kafin a yanka filaye, balle a shimfiɗa bututu. Ɗan haya ba zai sa kuɗinsa ya ja ruwa a gidan wani ba. Mai neman na yau da yau yana iya fitar da dala biyar kullum, amma takardar kuɗin wata tana zo masa a dunƙule, in ya kasa a yanke. Gidan da iyalai huɗu ko biyar ke raba mita ɗaya kuwa, nan da nan yake tsallake lita dubu goman rangwame ya shiga farashin sama, sai ya zama yawan jama'ar gida ya jawo musu tara. Duk waɗannan mutane famfon unguwa ne nasu, kuma ba gobe za su bar shi ba. Raina shi da sunan jiran abin da ya fi shi yana nufin a bar su a hannun farashin da babu mai sa wa ido.

A nan ya kamata a wanke ɗan ga-ruwa, don shi ake fara zagi in ruwa ya yi tsada. Mutumin da ke tura bido goma na lita 25, nauyin kilo 250, cikin yashin Tasawa da zafin bazara, ba ruwa yake sayarwa da tsada ba, ƙarfinsa yake sayarwa. Yana kai ruwa inda bututu bai kai ba, ga matan da ke kulle, da tsofaffi, da masu tuwo-tuwo da masu shayi. Kuɗinsa yana hawa ne da nisan famfo da tsawon layi. A ƙara famfuna a bakin gari, a sa ruwa ya riƙa zuwa a kan lokaci, farashinsa zai sauko da kansa ba tare da an kafa masa doka ba.

Halin ƙauye ya fi na gari nauyi. Ƙa'idar da hukumomin ruwa ke bi ita ce mashaya ɗaya ta zamani ga kowane mutum 250, garin da ya kai mutum 2,000 kuma a yi masa ƙaramin shato da bututu da famfunan unguwa. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da dokar ruwa ta 2010, an koyi darasin kwamitoci: yanzu ƙaramar hukuma ce mai kayan, irin su Urafan da Korgom da Sarkin Hausa da Kanan Bakashe, ita ke ba ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa, ƙungiyar masu amfani da ruwa tana sa ido, ana kuma cire wani kaso a ajiye don sabunta inji. Tsarin ya fi na da, domin akwai mutum ɗaya da ke asara in famfo ya tsaya. Amma a ƙauyuka da yawa lita dubu takan kai sefa 500, kusan ninki huɗu na rangwamen birni. Dalili shi ne garuruwan da ke ƙarƙashin kamfanin ƙasa farashinsu ɗaya ne, cinikin Yamai na ɗauke wa ƙaramin gari irin Mayahi nauyi, ƙauye kuwa shi kaɗai ke ɗaukar nasa. Ga shi kuma ba mutane kaɗai ke sha ba. A arewacin Mayahi, in rani ya tsananta tabkuna suka ƙafe, shanun gida da garken Fulani da Buzaye duk a mashaya ɗaya suke haɗuwa. Farantan hasken rana da suka fara maye gurbin injin gazuwal sun rage kuɗin mai ƙwarai, sai dai su ma injinsu na ƙasa yana da ranar mutuwa, kuma in aka ɗauka rana kyauta ce aka daina tara kuɗin sabuntawa, labarin tuƙa-tuƙa ne zai dawo. Babu hujjar da za ta sa manomin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi ya fi ma'aikacin birni biyan ruwa. Taimakekeniyar da aka yarda da ita tsakanin Yamai da Mayahi ta kamata ta sauka har ƙauye.

Wani abin da ake mantawa shi ne ruwan da ya shigo gari sai ya fita. Tasawa gari ne mai tabkuna, damina na cika su har su shiga gidaje, kuma kowane sabon famfo ƙarin ruwan wanka da wanki ne da ke neman hanya. Ƙawancen da aka ƙulla tsakanin Tasawa da garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa ya taɓa mai da hankali kan tsabtar gari da masai, kuma hankalin ya dace, don famfon da ke tsaye cikin taɓo kusa da juji ya rushe rabin amfaninsa.

Yanzu da ruwan birane ya koma hannun ƙasa, akwai masu ganin magana ta ƙare. Dawo da shi gida yana da ma'anarsa, ribar da ke fita waje za ta iya zama a ciki. Amma daga NIGELEC zuwa SNE zuwa SEEN zuwa NDE, matar da ke layi ba ta taɓa tambayar wa ke da jari ba, tambayarta ita ce ko ruwa ya zo. Abin Tibiri a hannun kamfanin gwamnati ya faru, tsadar bido kuma ta rayu shekaru ashirin da 'yan kai a zamanin kamfanin waje, saboda haka babu ɓangaren da zai yi wa wani gori. Shato kuma ba ya cika sai da wuta. Layin da ke ciyar da yankin daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 kowa ya ga yadda rigimar siyasa ke iya isa har bakin famfo. Foraji da ke da nasa farantan rana ko injin ko-ta-kwana ya fi kowace sanarwa amfani.

Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya rubuta ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, a shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta amince da haka. Abin da zai mai da rubutun ruwa a randa bai fi ƙarfin masu riƙe da ƙananan hukumomin Tasawa da Mayahi ba, ko da yake tun Afrilun 2024 naɗaɗɗu ne ke zaune a kujerun zaɓaɓɓu. Su sa a kafa allo a jikin kowane famfon unguwa, a rubuta farashin bido da Hausa, da boko da ajami, a kuma bar wa mai famfo ribar da zai rayu da ita don kada ya nemi cikon a aljihun mata. Sakamakon gwajin ruwa a karanta shi a rediyon gari, kuɗin sabunta inji a faɗi adadinsa a gaban jama'a duk shekara. In kuɗin sabon aiki ya samu, a fara kai bututu unguwannin bayan gari kafin a ƙara wa tsakiya. Sarakuna da limamai da ƙungiyoyin mata kuma su riƙa tambayar waɗannan abubuwa da bakinsu a duk taron da aka kira su, tun kafin a kawo almakashin yanka ƙyalle.